Miyar Da Baba Ya Manta Sunanta

Kwanan baya na je gaisuwar rasuwa unguwar Ketaren Gwari a Minna, a hanyar dawowa na roƙi mai keken hayar da ya ɗauko ni ya bi da ni ta tsohon layinmu. Da ƙyar na gane wurin. Gidan da aka haife ni ya zama jerin shaguna, an sare mangwaron tsakar gida, rijiyar ma an rufe ta da siminti an ɗora mata tankin roba. Duk wannan bai taɓa ni kamar yadda shirun layin ya taɓa ni ba. Ranar Asabar ce, da hantsi, amma ban ji ƙarar taɓarya ko ɗaya ba, ban ji muryar rediyo daga kowace taga ba, sai gurnanin janareta. A bakin wani shago na hango wata budurwa tana kallon girki a waya, kunnuwanta a toshe, tana murmushi ita kaɗai. Na ce wa mai keken mu tafi. Tun daga ranar zuciyata ke komawa baya, shi ya sa na ce bari in faɗa tun ina da bakin faɗa.

Gidanmu gidan haya ne irin na ma'aikatan reluwe, ɗakuna a jere suna kallon juna, kowace ƙofa da murhunta a gaba. Mu Hausawa ne, ɗakin kusa da mu Nufawa, can ƙurya kuma wata Bayarabiya da muke kira Iya, mai sayar da alala. Hausa ce ta haɗa mu duka, kowa da irin tasa, ba mai yi wa wani dariya. Ko ido a rufe kana iya sanin ƙofar da kake wucewa, don wannan ƙamshin busasshen kifi ne, wancan na manja, namu na daddawa da man shanu. Ni ce babba a ɗakinmu, don haka aiki kaina yake ƙarewa: jan ruwa tun da sanyin safiya, hura wuta da ɗanyen icen da ke sa ido hawaye, tsince tsakuwa daga shinkafa, niƙa tattasai a dutse har tafin hannu ya riƙa raɗaɗi. Inna ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce, "Ke, wutar nan fa?" Baba kuwa Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa ya sa mini. Yanzu jikokina suna murɗa kan gas wuta ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi ba toka, kuma ina yi musu murna. Sai dai kowacce a kicin ɗinta take girki, ƙofa a rufe, ba ta san abin da maƙwabciyarta ta ɗora ba.

Rediyo ɗaya ce a gidan, ta Baba, yana lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Sauran ranaku ba mai taɓa ta, amma ranar Asabar da hantsi da kansa yake fito da ita ya ɗora kan turmin da aka kife a gindin mangwaro, sannan ya koma zaure wai shi ba ruwansa da hirar mata, alhali kunnensa yana wurin. Lokacin ne gidan rediyon jiha ke sa shirin girki. Da an ji kiɗan buɗewa, wanda ba komai ba ne illa lugude da taɓarya biyu, sai kowace mace ta jawo kujerarta da aikin hannunta, mai ɓare gyaɗa, mai yanka kuɓewa, mai kitso. In ka leƙa waje, muryar da ke gidanmu ita ce a gidan gaba, ita ce a shagon tela, har za ka iya tafiya kasuwa ba ka rasa kalma ɗaya ba.

Mutum biyu ne ke gabatar da shirin. Macen duk gari Uwar Murhu ake ce mata, muryarta faffaɗa ce mai sanyi, in ta ce "a zuba gishiri daidai" sai ka ji kamar ta dafa kafaɗarka. Namijin kuwa wani tsoho ne, Baba Kuku, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana dafa wa matafiya abinci a taragon jirgin ƙasa. Ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In ta ce a fara soya albasa, sai ya ce, "Hajiya, a jirgi in ka tsaya soya albasa, kafin ta yi ja an kai Zungeru." Ita kuma ta ce, "To Baba, mu a ƙasa muke, tukunyarmu ba ta gudu." Sai matan gidanmu su kwashe da dariya, Iya ta riƙa tafa cinya. Suna gayyato mata daga unguwanni, yau Banufiya ta koya miyar wake, wani makon matar Ibo ta koya miyar agushi, wani makon 'yar Wushishi ta zo da dambun kifi. Ba a auna komai da cokali. Uwar Murhu takan ce, "Hancinki zai gaya miki." Da yamma kuma sai ka ji layi guda ya ɗauki ƙamshi iri ɗaya, kowa na gwada abin da ya ji. A zuciyata na riga na zana ta: doguwa, mai jiki, da awarwaron zinariya har gwiwar hannu.

Shekarar da na fara zama budurwa, da bazara, Baba ya kwanta ciwo. Mutum ne ƙaƙƙarfa, aikinsa zuba kwal a injin jirgi, amma zazzaɓi ya kayar da shi har aka kwantar da shi asibiti. Da aka sallame shi, likita ya ce wa Inna ciwon ya tafi, abin da ya rage shi ne ya ci abinci, in bai ci ba kuwa ba maganin da zai tashe shi. To, cin ne ya gagara. Inna ta yi tuwo, ta yi fate, ta yi farfesun kaza, ta dama kunun gyaɗa, duk sai ya kalla ya kawar da kai. Ruwa kawai yake kurɓa. Ina ganin mutumin da ke ɗaga ni da hannu ɗaya ya koma sai an jingina shi da bango, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Abokan aikinsa in sun zo dubiya, sai su fita suna magana ƙasa-ƙasa. Inna ba ta kuka a gabanmu, amma na sha ganin ta daɗe a bakin murhu tana share ido, tana cewa hayaƙi ne.

Wata rana da la'asar ina yi masa fifita, sai ya ce, "Uwata, akwai wata miya."

Na ce, "Wacce, Baba? Yanzu Inna za ta yi."

Ya ce, "Ban san sunanta ba. Tsohuwata ce take yi."

Wannan ne karo na farko da na ji ya ambaci mahaifiyarsa. Abin da muka sani kawai shi ne ta rasu yana ƙarami, aka ɗauke shi daga ƙauyensu aka kai shi Wushishi wurin ƙanin mahaifinsa, can ya girma. Ko fuskarta ba ya tunawa. Na kira Inna ta zauna, ya riƙa faɗa a hankali yana hutawa. Miyar tana da yauƙi kaɗan, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Akwai nama a ciki, mai laushi, ba ƙashi ba kitse, bai san na wace dabba ba ne. Ya ce in ya rufe ido yana jin ɗanɗanonta a harshe, kuma ita kaɗai ransa ke so.

Inna ta gwada duk abin da ta sani. Ta yi kuɓewa da ganda, ta yi kalkashi da hanta, ta yi ayoyo da kifi. Yakan taɓa da yatsa ya kai baki, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, amma ba ita ba ce." Iya ce ta kawo shawarar. Ta ce, "Ku je wurin Uwar Murhu mana. Ita garin nan duka yana jin maganarsa." Abin ya yi wa Inna nauyi, don a lokacin ba ƙaramin abu ba ne matar aure ta kai maganar cikin ɗakinta gidan rediyo. Da ta nemi izinin Baba, sai ya ɗaga hannu kawai ya sauke. Washegari ta yafa gyalenta na unguwa ta ce, "Ke, sa takalminki."

A ƙafa muka je. Mai gadi ya nuna mana benci a baranda, muka zauna muna jiran Hajiya mai zinariya. Can sai ga wata 'yar ƙaramar mata tana ɗingishi, da tsohuwar atamfa da jakar leda a hannu. Inna ta ɗan matsa mata wuri, ta ɗauka ita ma jira ta zo yi. Sai matar ta ce, "Sannunku da zuwa, an ce kuna nemana." Na kusa faɗowa daga bencin. Muryar nan ce, ita ce dai, daga wannan ɗan jikin. Bayan hannayenta duk tabon ƙuna ne na mai da garwashi.

Ta saurari Inna har ƙarshe ba ta katse ta ba. Baba Kuku ma ya fito, dogo siriri da hular saƙa, ya tsaya yana jinjina kai. Ya ce, "Nama ba ƙashi? Ganda ce." Ta ce, "Baba, an gwada." Ya ce, "To harshen sa ne." Ta ce, "A ƙauye, a gidan talaka?" Sai ta juyo gare ni ta ce, "'Yata, ke kike zama kusa da shi. Ban da miyar, me kuma yake tunawa? Ko da abin da kike ganin ba shi da amfani."

Na yi tunani na ce, "Ya ce ana ruwan sama in suna ci. Kuma ya ce ba ya tuna fuskarta, amma yana tuna ƙafafunta, duk jar ƙasa."

Inna ta harare ni, wai na kawo shirme. Uwar Murhu kuwa ta ce, "Wannan ma za mu faɗa."

Asabar ɗin da ta biyo, na ɗauko rediyon da kaina na ajiye a ƙofar ɗaki inda Baba zai ji. Bayan lugude ya ƙare, Uwar Murhu ba ta fara da wasa ba. Ta ce, "Matan Minna da kewaye, yau ba ni zan koya muku ba, ku za ku koya mini. Akwai wani bawan Allah a Ketaren Gwari, gidan mangwaro kusa da masallaci, ya tashi daga ciwo amma ya kasa cin abinci. Miyar mahaifiyarsa yake nema, kuma ya manta sunanta." Ta faɗi yauƙin, ta faɗi ɗacin, ta faɗi naman, ta faɗi ruwan sama da jar ƙasa. Baba Kuku, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗan'uwana ne na jirgi. Ku taimaka."

Kafin azahar aka fara sallama. Mata ne da ba mu taɓa gani ba, kowacce da kwano a naɗe cikin ɗankwali. Wata daga Kpakungu, wata daga Bosso, wata matar ɗan sanda daga bariki, wata kuma washegari Lahadi ta taso daga coci da 'ya'yanta. Miyar ɗanyar kuɓewa da kifin Wushishi, miyar ganye da katantanwa, miyar shuwaka, miyar gyaɗa, wasu ma ban san sunansu ba har yau. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, har tsakar gidanmu ta koma kamar gidan biki. Baba mutum ne mai kunya. Ba zai iya bari mace ta tako daga wata unguwa cikin zafin bazara, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan a mayar mata da kwano ba a taɓa ba. Sai ya sa a tashe shi, ya gutsuri tuwo kamar kan yatsa, ya dangwala, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Allah ya saka da alheri. Ta yi daɗi, amma ba ita ba ce." Loma ɗaya daga wannan kwano, loma ɗaya daga wancan. Wannan kunyar ce ta riƙe ransa a makonnin nan. Abin da ya rage mu yaran gida mu cinye, ban taɓa yin ƙiba irin ta lokacin ba, kuma ina jin nauyin hakan a raina.

Amma riƙewa ce kawai, ba tashi ba. Sannu a hankali kwanukan suka ragu, har suka daina zuwa. Baba ya koma kallon rufi. Uwar Murhu ba ta manta ba, kowace Asabar kafin ta rufe shiri sai ta ce, "Har yanzu muna neman miyar nan." A haka hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, gari ya yi sanyi, ciyawa ta fara tsirowa a bakin kwata.

Wata Lahadi da rana ina wanke-wanke, sai ga wata tsohuwa ta shigo, ɗauke da ƙwarya a kafaɗa yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ta ce, "Kai yarinya, nan ne gidan mutum wanda ba ya ci abinci?" Ta ce daga Garatu take. Tun ranar farko ta ji sanarwar a rediyon maƙwabcinta, kuma tun ranar ta gane miyar, amma ba yadda za ta yi sai ruwa ya sauka. Ta sauke ƙwaryar ta buɗe ganyen da ta rufe da shi. Naman kaza ne fari tas, irin wanda mu yaran gari muke kira laimar kwaɗi muna shuri da ƙafa, gindinsa duk jar ƙasa. Ta ce a jikin suri yake fitowa bayan ruwa, kuma sai an yi sammako ake samunsa. "Mamansa ya je suri ne, shi ya sa ƙafa ya yi ja."

Inna ta ja da baya. Ta jawo ni gefe ta ce, "Wannan abin ai guba ne. Mutumin da numfashi kawai ya rage masa zan ba wannan?" Tsohuwar ta gane, ba ta kuma ji haushi ba. Ta ce akwai mai kisa, akwai na ci, ita tun tana yarinya take tsinka. Ta ce a ba ta murhu, in ta gama ita za ta fara ci, Inna ta zauna ta kalle ta har ta gamsu. Ni na hura mata wuta. Ta yayyaga naman kazan da hannu, ta sa daddawa da barkono da ɗan ruwan toka, ta marmasa busasshiyar kuɓewa, ta jefa 'yan ƙananan gauta masu ɗaci. Ko ɗigon mai ba ta sa ba. Miyar ta fito baƙi-baƙi, ba kyan gani. Ta zuba a murfin kwano, ta yi addu'arta irin ta Kirista, ta cinye, ta zauna tana hira da Iya. Inna na tsaye da ludayi a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Baba, da ƙarfin da muka daɗe ba mu ji ba: "Me ake dafawa a gidan nan?"

Inna ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙofar ɗakin, ta yi bisimilla ta zuba. Ni na kai masa da tuwon dawa. Ya daɗe yana shaƙar tururin kafin ya sa hannu. Ya yi loma ɗaya, ya tsaya. Ya yi ta biyu. Bai ce ita ce ba, bai ce ba ita ba ce, ci kawai yake yi, muna tsaye a bakin ƙofa ba mai motsi. Da ya share kwanon da yatsa, sai ya miƙa shi wajen tsohuwar, ya faɗi wata kalma da ba Hausa ba. Shi kansa ya firgita da jin ta a bakinsa. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ce Gwaranci ne, kuma ba na manya ba, irin wanda ƙaramin yaro ke faɗa wa uwarsa ne in yana son ƙari.

Daga ranar Baba ya fara tashi. Kafin a cire sabuwar doya ya koma bakin aikinsa, ya kuma rayu har ya aurar da ni, ya ga 'ya'yana. Tsohuwar Garatu ta zama kakarmu. Duk damina sai ta zo da ƙwaryarta, duk Kirsimeti Baba ya hau keke ya kai mata shinkafa da atamfa, da Sallah kuma ita ke fara cin naman layyarmu. Ba ta san mahaifiyarsa ba, ba su haɗa dangi ba, amma da ta rasu yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta.

Shirin ya daɗe da tsayawa. Ban san ranar da aka daina ba, ina can ina fama da goyo da hidimar gida, sai wata Asabar na lura kiɗa kawai ake sawa. Baba Kuku ya riga Uwar Murhu rasuwa, ita ma daga baya na ji sanarwar rasuwarta a taƙaice, tsakanin tallar sabulu da labarin wasanni. Yau masu koyar da girki sun fi a ƙirga, ana ganin fuskarsu da kicin ɗinsu mai ƙyalli, kuma wasunsu gwanaye ne ƙwarai. Sai dai ban san ko akwai wadda za ta yi magana sau ɗaya mata su fito daga kowace unguwa da kwano a hannu saboda baƙon da ba su sani ba.

Bayan Baba ya warke, Uwar Murhu ta aiko a ce ya zo ya yi wa mutanen gari godiya da bakinsa. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya tafi, mu kuma muka taru a gindin mangwaro, har da matan maƙwabta. Muka ji ya yi sallama, ya gode wa duk wadda ta tako, ya ce ba zai iya biyansu ba sai dai Allah. Baba Kuku ya yi ta tsokanarsa wai ya cinye miyar gari guda. Sai Uwar Murhu ta ce, "Malam, da ka sa lomar farko a baki, me ka ji?"

Shiru. Muka jira, shirun ya yi tsawo. Ƙanena ya ce batir ne ya mutu, ya tashi ya fara bubbuga rediyon, Iya na cewa a juya eriya. Daga gidan gaba ma muna jin ana bubbuga tasu.

Inna ta kama hannun yaron ta zaunar da shi. Ta ce, "Bar ta, lafiyarta ƙalau. Babanku ne."